Tsohuwar Taya, Sabon Lilo

Duk wanda ya bi titin Panshekara ya nufi Zawaciki ya san tarin nan da ke bayan rumfar masu faci: tsoffin tayoyi a jibge, na tirela da na tifa a ƙasa, 'yan ƙanana na Adaidaita Sahu a sama, rana ta gasa su, ƙura ta mai da su ruwan toka. Yanki ne na manyan motoci. Ga rukunin masana'antu na Challawa a maƙwabta, ga Sharaɗa a hanyar shiga gari, ga kuma tashar tsandauri ta Dala da aka ƙaddamar a nan Zawaciki a ƙarshen Janairun 2023. Inda babbar mota ta yawaita, nan tsohuwar taya take kwana. Tare da ita akwai 'yan'uwanta da ƙofar masana'anta ke fitarwa: durom na roba da na ƙarfe, katakon da ake ɗora kaya a kai, guntayen fayif, tsohon bel na inji, da manyan faya-fayan katako da ake naɗe wayar lantarki.

Yaro ya riga kowa sanin darajar wannan tari. Zai zaro taya ɗaya, ya samo guntun sanda, ya kama gare-gare har magariba. Mu da muka tashi muna feƙe kara muna haɗa mota, muna yanka tsohon silifas muna yi mata ƙafafu, mun san wannan ido. Kano kuma dama gari ne da ba a cika barin abu ya mutu a banza ba. 'Yan gwangwan suna bin lungu da ma'auni, tsohon ƙarfe yana shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ya fito kurfoti ko kasko, robar cikin taya ta zama guga, gefen taya ya zama takalmi.

Daga wannan tsatso sana'ar da nake so mu tsaya a kanta ta fito. Ba ta da suna guda. Mai yin ta rabi mai walda ne, rabi kafinta, kuma dole hannunsa ya san wuƙar masu yankan taya. Jama'a dai sukan ce mai haɗa lilo. Aikinsa ne kake gani a harabar ƙananan makarantun kuɗi da na Islamiyya, tayoyi masu launi an binne su rabi a ƙasa, lilo biyu a gindin darbejiya, da wanda ake kafawa a bakin layi ranar Sallah yara su biya su hau. Akwai masu yinsa sama-sama, a haɗa yau ya karye jibi. Ni gwanin nake nufi, wanda in ka tsaya kallonsa za ka ga ya ci rabin aikin tun bai ɗauki guduma ba, domin rabin aikin zaɓe ne.

Dubi yadda yake sayen taya. Ba ya cinikinta a tari. Ɗaya bayan ɗaya zai tayar da ita tsaye, ya buga ta da ƙasa don kunamar da ta maƙale ta faɗo, sannan ya naɗe hannu da tsumma ya shafa bayanta gaba ɗaya, a hankali, kamar mai duba sa a kara. Tsumman ne ke tona asiri: duk inda ya sarƙe, waya ta fito. Tayar zamani, a ƙarƙashin fuskarta da ke taka kwalta, akwai shimfiɗar siraran wayoyin ƙarfe, kuma in ta cinye har wayar ta leƙo, tsininta ya fi allura, ga tsatsa. Irin wannan ko kyauta aka ba shi ba ya ɗauka. Sai ya juya gefenta ya karanta. A jikin taya akwai jerin rubutu da ke ƙarewa da lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Wadda ta kwana biyu da yawa robarta takan bushe ta yi ƙananan tsagu kamar faso a dunduniya, in ka murza ta sai baƙin gari ya biyo yatsa. Ita ma sai haƙuri.

Waɗanda suka tsallake wannan tantancewa, kowacce da gurbinta. Ta tirela takan haura kilo 50, kuma yawanci waya ta zagaye ta har gefe, don haka ba a yanka ta, ba a rataye ta; abu mai wannan nauyi in ya dawo da gudu ya sami yaro a ka, ba ƙaramar illa zai yi ba. Ita ta binnewa ce, ta zama matakala ko katangar da ke riƙe yashi. Ta ƙaramar mota gefenta zare ne, wuƙa tana cin sa. Ta Adaidaita Sahu kuwa, da akasarinta zaren nailan ne a ciki, ga rashin nauyi, ita ce ta lilon 'yan ƙanana.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauri da tsohuwar taya. A tara goma a bayan gari a cinna musu wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe unguwa, in ta huce a kwashe wayar a kai wa mai kilo. Kuɗin yakan shiga aljihu kafin la'asar, ya fita kafin isha. Gwanin namu kwana uku zai yi a kan tayoyi goman nan.

A kan durom ne iliminsa ya fi zurfi, kuma nan na fi jinjina masa. Taya tarihinta a rubuce yake a jikinta. Durom kuwa shi kaɗai ya san abin da ya haɗiya. Tambayar gwanin ta farko ga mai sayarwa ita ce, “Alhaji, me ya ɗauko?” In amsa ta zo da inda-inda, ciniki ya mutu. Dalili a fili yake ga duk wanda ya san aikin da ake yi a Challawa da Sharaɗa da Bompai, inda manyan kamfanonin fata na ƙasar nan suka taru. Majeminmu na gargajiya da toka da bagaruwa yake aiki. Na masana'anta yana cire gashi da farar ƙasa da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya jiƙa fatar a asid, sannan ya jeme ta da gishirin kuromiyam, wanda shi ke ba ta launin nan shuɗi-shuɗi. Waɗannan kaya a buhu da durom suke zuwa, sau da yawa shuɗin durom na roba, kamanninsa ɗaya da wanda ya kai man girki ko narkakken sikari kamfanin alewa da biskit. Roba kuma tana shan abin da aka zuba mata. Wanki bakwai da omo ba ya fitar da abin da ya riga ya ratsa jikinta.

Don haka sai ya nemi takardar da ke manne a jiki. Ko bai iya harshen da aka rubuta ta da shi ba, ya iya hotunan: ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, harshen wuta, ruwa yana ɗiga a hannu yana cinye shi, mataccen kifi a gindin busasshiyar bishiya. Ɗaya daga ciki ya isa ya sa shi wucewa. In ya tarar an kankare takardar, zarginsa ƙaruwa yake yi. In ta kai ga buɗe murfi, ba ya cusa fuska. Daga gefe yake tsayawa, ya kaɗo iskar da tafin hannu zuwa hancinsa. A ƙarshe durom ɗin da ya san kamfanin da ya fito da shi da kuma abin da ya ɗauko, shi kaɗai yake ɗorawa a baro, ko da ya fi tsada.

Wani zai ga tsanani ya yi yawa. Amma babba yana taɓa abu ya wanke hannu, shi kuwa ɗan shekara biyu lasa yake yi, yana ciza, yana rarrafe ya kai hannu baki. Arewa ta ga abin da guba ke yi wa yara ta wannan hanya a shekarar 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Ƙura ce kawai a tsakar gida inda suke wasa. Mai haɗa lilo da ya san wannan ba ya barin kwankon batir kusa da aikinsa, ba ya karɓar guntayen shuɗiyar fata don cika rami, ba ya ɗebo ƙasa daga bakin magudanar masana'anta ko da kyauta ce kuma kusa.

Durom na ƙarfe nasa haɗarin a kan mai aikin yake fara sauka. Wanda ya taɓa ɗaukar fetur ko abin sirka fenti, ko ya shekara a bushe, tururin da ya rage a ciki yana iya fashewa da tartsatsi ɗaya. Shi ya sa sai an buɗe duk murafensa, an wanke, an cika shi da ruwa har wuya, kafin a kusanto shi da wuta. Da yawa ma sun fi yarda da kurfi da guduma, a bi da'irar a sannu, sara bayan sara. In an cire kai da gindi, bakin da ya rage kaifi ne kamar aska, sai an lanƙwashe shi ciki an daddake, ko a tsaga tsohon tiyo a sa masa baki a ɗaure da waya ta waje.

Katakon ɗora kaya shi ma yana da hatiminsa. Wanda ya tsallako iyaka da kwantena ana buga masa tambari a gefe. In ka ga HT, da zafi aka kashe ƙwarin da ke cikinsa, an gasa shi har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na tsawon minti 30. Wannan lafiya lau. In ka ga MB, da hayaƙin guba aka turara shi, a bar shi. Mai tabon mai ko na wani ruwa da ba a san asalinsa ba, shi ma a bar shi. Sauran aikin na haƙuri ne: a ɓamɓare, a zare kowace ƙusa, a tara su a gwangwani don kar ɗaya ta ɓace a yashi, a goge da samfefa har tafin hannu ya bi bai ji sartse ba.

Yanzu a zo ga yanka, wanda shi ne abin kallo. Wuƙar gajera ce mai kauri, maƙeri yakan ƙera ta daga tsohon sifirin na mota, kuma kusa da ita kullum akwai dutsen wasawa da gwangwanin ruwan sabulu. Zai zana layi da alli tukuna. Ya soka bakin wuƙar, ya tsoma ta a ruwan sabulu, ya fara ja. Roba tana da wata ɗabi'a: tana komawa ta matse abin da ya shige ta, don haka mai yanka shi kaɗai ƙarfinsa yake ɓatawa. Sirrin yana hannun yaron shago da ke gefe, wanda ke riƙe da leɓen da aka fara yankawa yana ja baya. Muddin robar tana a miƙe, wuƙar tafiya take kamar a cikin kabewa; da ya sassauta, ta cije. “Ja dai, kar ka saki,” in ji maigida. “To, Oga.” Ba a jan wuƙa zuwa jiki, ba a kuma kai ta ga zoben bakin taya, wanda ke kama ƙarfen ƙafar mota, domin damin waya ne a ciki.

Kujerar lilon 'yan ƙanana daga nan take fitowa. Ana yanke kusan kashi biyu cikin uku na jikin tayar, a bar zobban baki biyu cikakku da ɓangaren da ya haɗa su. Sai ya taka gefe ɗaya da ƙafa, ya kama ɗayan da hannu biyu, ya murɗa, tayar ta juye ciki ya koma waje. Abin da ya rage ya zama mazauni mai zurfi da ke rungume yaro, zobban kuma suka miƙe sama suka zama marika, nan sarƙa za ta kama. Minti kaɗan da suka wuce shara ce. Yanzu ko a kanti ka gan ta sai ka taya.

Kafin ya ajiye kowace taya sai ya huda ta, kuma nan ake gane wanda ya san aiki. Taya rijiya ce ta sauro. Ruwan sama kaɗan in ya kwanta a cikinta, ga duhu ga ɗumi, cikin mako guda zuwa kwana goma ƙwai ya zama sauro mai tashi, musamman mai zanen fari a ƙafa da ke ɗaukar zazzaɓin shawara da denge. Ƙaramar huda ba ta wadatarwa, domin robar takan koma ta rufe ta. Sai ya ɗauko guntun fayif da aka wasa bakinsa, ya ɗora a kan tayar bisa gungumen itace, ya buga da guduma, ya fitar da ɗan ƙulli mai faɗin babban yatsa. Kuma ba ko'ina yake hudawa ba. Yana fara riƙe tayar yadda za ta zauna in an kafa ta, ya duba inda ruwa zai gangara ya tsaya, nan ne wurin. Wadda za a binne rabi kuwa, ana cusa ƙasa a cikinta a daddanna da taɓarya, don kar ta lotsa a ƙarƙashin ƙafa, kar kuma maciji ya sami ɗaki.

Ƙarfen lilo fayif ne mai kauri, kuma da ƙara yake gane shi: ya ƙwanƙwasa da sifana, mai lafiya ya amsa da zaƙi, wanda tsatsa ta ci ta ciki ya amsa a dushe. Ƙafafu biyu a kowane gefe, a buɗe kamar mutumin da ya tsaya zai ɗaga buhu, sannan gicciye a sama. Walda ba ɗis-ɗis ba, zagaye take yi cikakke, in ta huce ya kakkaɓe ɓawon da guduma ya duba ko akwai rami, ya bi da giranda, injin nan mai faifai da ke gurje ƙarfe, har wurin ya yi sumul. A gindin kowace ƙafa yana liƙa guntun rodi a gicciye, don in an zuba kankare ya riƙe ta kamar saiwa. Ramin yakan kai santimita 60. Kankaren kuma ba ya barin sa ya kai fuskar ƙasa, sai ya tsaya ƙasa-ƙasa a rufe da yashi, saboda goshin da zai faɗo wata rana. Daga nan mako guda ana ba siminti ruwa safe da yamma, sarƙa tana ajiye a shago. Yara za su zo su tsaya su yi ta tambaya, “Baba, yaushe za a hau?” Shugaban makaranta ma yakan matsa. Amsar ɗaya ce: “Malam, a bar shi ya kama.”

Inda sarƙa ta haɗu da gicciye, nan lilo ke mutuwa. Ƙarfe yana cin ƙarfe sau dubbai a rana, kuma in ƙugiya ce kawai aka rataya, wata rana za ta siraɗe ta tsinke yaro yana sama. Gwani yakan nemo tsohon boris na mota ko na babur mai sauran rai, ya yi masa gida ya liƙa, sarƙar ta rataya a jikinsa, juyin ya koma cikin 'ya'yan boris da man giris. Idon sarƙa ya zama ƙarami yadda yatsa ba zai shige ba, in ba a samu ba a zura ta cikin tiyo daidai inda hannu ke kamawa. Duk inda noti ya ratsa roba sai an sa masa washa mai faɗi ciki da waje, in ba haka ba zai yage ta ya fita. Kan noti yana kallon inda jiki ba ya gogawa, abin da ya yi saura na zaren a datse a gurje.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aiki akwai wurin da ƙima ba ta isa, sai mudun. Jikin ƙaramin yaro ya fi kansa siranta, don haka yana iya zura ƙafafu da ƙirji ta wani tsakani, kai ya maƙale, ya rataye. Masu tsara ƙa'idar wuraren wasa a Turai da Amurka sun auna wannan: duk tsakanin da ya fi santimita 9 amma bai kai 23 ba, tarko ne. Ko dai ya matse yadda jiki ba zai shiga ba, ko ya buɗe yadda kai zai fita. Mai hankali yakan yanka katako biyu a kan waɗannan awo ya riƙa gwada su a kowane tsani da kowace taga. Haka filin gaban lilo da bayansa: a auna tsayin gicciye daga ƙasa, a ninka biyu, wannan tazarar a bar ta fayau ta kowane ɓangare, ba bango, ba kututture, ba hanyar wucewa.

Ƙasa kuwa yashi ne, zurfin santimita 30, domin duk abin da aka hau za a faɗo daga kansa. Tifofi suna ɗebo shi daga kogi, shi kuma yana tambayar daga wane wuri, sama da inda ruwan masana'anta ke shiga ko ƙasa. Ya tankaɗe shi da rariyar magina, kwalba da ƙusa su tsaya a sama. Wurin kafawa ma ba da safe yake zaɓensa ba. Da azahar da la'asar yake zuwa ya ga inda inuwa take faɗawa, domin a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma baƙar taya ko falanƙin ƙarfe da suka wuni a rana suna iya sale cinyar yaro. Fenti mai haske yana rage zafin. Amma fentin ma sai an karanta gwangwani, saboda wasu masu mai, musamman ja da ruwan ɗorawa, da dalma ake haɗa su. A wanke taya da omo, ta bushe sarai, a shafa siriri sau biyu. Mai kauri ɓarewa yake yi, ɓawon kuma a bakin yaro yake ƙarewa.

Ba mu kaɗai muka hango wannan ba. Wani mai tsara lambuna ɗan ƙasar Danmak, Carl Theodor Sørensen, ya lura cewa yara sun fi son kangon gini da tarkacensa a kan wuraren wasan da aka ƙawata musu. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka buɗe filin wasa na tarkace a Emdrup, a birnin Kopanhagen, aka zuba katako da bulo da kayan aiki, aka sa babba guda yana lura. Daga can tunanin ya tsallaka Ingila. A Ibadan kuma yau akwai masana'antar da Ifedolapo Runsewe ta kafa, mai niƙe tsoffin tayoyi ta mai da su tayil mai taushi da ake shimfiɗawa har a filin wasa. Wannan sai da manyan injina. Namu da wuƙa da ruwan sabulu ne, kuma yana isa inda inji bai isa ba.

Inda na fi so in ga ya isa shi ne bakin ruwa. Rafin Salanta yana kwaso ruwan Sharaɗa ya kai kogin Challawa, rukunin Challawa yana zuba nasa, kogin ya gangara ya haɗu da kogin Kano a wajen Tamburawa ya nufi Wudil. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa kogin Jakara har dam ɗin Wasai. A gaɓar waɗannan ruwaye akwai masunta da masu noman rani, kuma 'ya'yansu ba su da filin wasan da ya wuce ruwan da gaɓarsa. Ɗan masunci ba a raba shi da kogi, gadonsa ne. Amma ɗan shekara huɗu da uwarsa ke shanya kifi, gara a ce yana da wurin da ya fi ruwan jan hankalinsa.

A irin wannan gari mai haɗa lilo ɗalibi yake komawa kafin ya zama malami. Wurin sarkin ruwa da dattawa zai fara zuwa: “Ranka ya daɗe, shekarar da ruwa ya fi cika, ina ya tsaya?” Za a nuna masa gindin wata bishiya ko wani tudu, daga nan zuwa sama yake aunawa. Kuma zai tarar da abin da ba shi da shi a shago. Masunta sun fi kowa sanin ƙulli. Ƙullin da suke saƙa taru da shi, wanda ba ya zamewa komai ja, in aka yi shi da igiya mai kaurin yatsa, sai ya ba da ragar hawa da yara goma za su ɗare ba ta motsa ba. Mai haɗa lilo nasa kawai ya tsaya da katakansa biyu yana gwada faɗin ido. Tsohon taru na siririn nailan ba ya shiga aikin, yana yanka yatsa yana shaƙe wuya. Kwalekwalen da ya tsufa ya daina riƙe ruwa kuwa, a zare masa ƙusoshi, a huda gindinsa, a zaunar da shi cikin yashi. Ba sai an koya wa kowa yadda ake wasa da shi ba. A garuruwan masunta na bakin teku gishirin iska ne ke cinye ƙarfe, shi ya sa can katako da igiya da roba suka fi ƙarko. Mu nan abokan gabarmu rana ce da gara. An saba shafa wa katako baƙin mai don gara, amma ba a wurin da yara ke runguma ba. Gwani yakan babbake gindin ginshiƙin ya yi gawayi-gawayi, ko ya ɗora shi a kan dutsen kankare yadda ba zai taɓa ƙasa ba.

Akwai darasi daga Makoko, unguwar masunta da ke kan ruwa a Legas. A 2013 mai zanen gine-gine Kunlé Adeyemi ya gina makaranta mai hawa uku da katako, tana yawo a kan durom na roba kusan 250, duniya ta yi ta yabawa. A watan Yunin 2016 ta rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi. Allah ya taƙaita, an riga an kwashe ɗaliban. Abin da aka gina da tsohon kaya yana son ido a kai kullum. Shi ya sa gwanin ba ya ɗaukar ranar kafawa a matsayin ranar gamawa. Yakan zaɓi mutum guda a wurin, mai gadi ko wani malami ko matashin da ya ga yana da kula, ya bar masa sifana da gwangwanin giris, ya nuna masa wurare biyar ko shida da zai riƙa taɓawa duk Juma'a. Sau da yawa daga cikin samarin da suka wuni a inuwa suna kallon aikin ake samun ɗaya da ya taso ya riƙe masa fayif ba a ce ya riƙe ba. Shi ake ba sifanar.

Ranar da siminti ya cika mako, da sassafe yake zuwa da sarƙa a kafaɗa, kafin yara su taru. Ya rataya, ya ɗaure, ya ja da ƙarfinsa duka. Sannan shi da kansa, da girmansa da nauyinsa, ya zauna a kan babban lilon ya tura ƙasa da ƙafa. Ba ya kallon kowa. Kunne ya kasa. In ya ji ƙara a sama, ya sauko ya hau tsani ya ƙara giris. In ya ga yashi ya motsa a gindin wata ƙafa, ranar ba mai hawa. In kuwa shiru ne, sai iskar da sarƙa ke yankawa, ya sauko ya karkaɗe riga, ya dubi layin da ya riga ya miƙe har bakin ƙofa, ya nemo mafi ƙanƙanta a ciki, ya ɗaga ta ya sa a kujerar tayar Adaidaita, ya ɗora hannayenta biyu a kan tiyon.

“Riƙe nan da kyau, 'yata. Kin riƙe?”

Bayan wata guda zai biyo ta hanyar, ko ba a kira shi ba. Ya jingine babur, ya gaisa da mai gadi, ya miƙa hannu sama ya sa farce a idon sarƙa na farko, yana jin ko ƙarfen ya fara siranta.